Kwas ɗin ilimin halayyar jima'i ta intanet: abin da ƙa'idojinsa ke nema daga ɗalibin da ke zaune a Jos

Duk wanda ya ji cewa na yi kwas ɗin ilimin halayyar ɗan Adam a fannin jima'i ta intanet, tambayarsa ta farko ita ce yaya aka yi da kunya. Kunya tana nan, amma kafin mako na uku ta sassauta. Abin da ke cin makin ɗalibi har ƙarshen zango shi ne saɓa lokaci, da rubutu babu hujja, da sakin baki kan sirrin mutane. Dukansu kuwa a rubuce suke cikin takardar ƙa'idojin da malama ta saka mana ranar farko, wadda suke kira silabus. Na yi kwas ɗin daga nan Jos a wata kwaleji ta gabashin Amurka, tsawon mako 16, saboda aikina na ba ma'aurata da matasa shawara a asibiti.

Kafin a buɗe maka rajista sai ka nuna cewa ka taɓa cin kwas ɗin share fage na ilimin halayyar ɗan Adam. Wanda ya yi shi a wata jami'a ko kwalejin ilimi a nan gida zai aika takardar sakamakonsa, kuma makarantu da dama ba sa karɓar ta kai tsaye, sai ta bi ta hannun masu tantance takardun ƙasashen waje irin su WES. Wannan yana cin makonni, galibi saboda jiran makarantarka ta baya ta aika da kanta, don haka a fara shi tun da sauran wata uku. An kuma nemi shaidar cewa na kai shekara 18. Batun Turanci ya danganta da makaranta: wata takan wadatu da sakamakon WAEC, wata sai jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS. A tambaya a rubuce, a ajiye amsar.

Makon farko tarko ne ga wanda ya saba da tsarinmu, inda zango ke fara tafiya da ƙafar hawainiya. A can, shiga shafin kwas kawai ba ya zama halarta. Sai ka miƙa wani aiki kafin ranar da suke ƙidaya ɗalibai, in ba haka ba a cire sunanka a matsayin wanda bai zo ba. Ayyukanmu na farko guda uku ne: gajeriyar jarrabawa a kan ita kanta takardar ƙa'idojin, gabatar da kai ga abokan karatu, da sa hannu a wata takardar amincewa. Takardar tana cewa ka san za a nuna zane-zanen al'aurar namiji da ta mace irin na littafin likitanci, za a yi maganar fyaɗe, da zubar da ciki, da cututtuka, da sha'awar jinsi ɗaya, kuma ka yarda ba za a canza maka darasi don bai yi maka daɗi ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, wannan makon ne lokacin janyewa, domin a lokacin ne kaɗai ake mayar da kuɗi cikakke ko kusan cikakke.

Sai agogo. Wa'adin kowane aiki ƙarfe 11:59 na dare ne, amma da lokacinsu. Daga ƙarshen Agusta zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, gabashin Amurka na bayanmu da awa 5, wato wa'adin daren Lahadi ya zama 4:59 na asubahin Litinin a Jos. Da sun mayar da agogonsu baya, tazarar ta koma awa 6, wa'adi ya koma 5:59. A zangon da na yi wannan sauyin ƙari ne. A zangon Janairu kuwa akasin haka ne: Lahadi ta biyu ta Maris suke tura agogo gaba, sai wanda ya saba miƙa aiki bayan sallar asuba ya tarar an rufe ƙofa tun yana barci. Manhajar Canvas, wadda a kanta muka yi karatun, tana ba ka damar saita yankin lokacinka ya zama na Afirka ta Yamma, sai ta riƙa nuna maka wa'adi da agogon gida. A yi wannan ranar farko. Amma shawarata ita ce ka ɗauka wa'adinka ƙarfe 9 na daren Asabar ne. Da sanyin Disamba na Jos, ga an ɗauke wuta, ga intanet na tangal-tangal, ba lokacin neman loda fayil ba ne ƙarfe huɗu na dare.

Dokar makara a kwas ɗinmu ita ce a rage kashi 10 cikin 100 na makin aiki kowace rana har kwana uku, daga nan sifiri. Rashin wuta ko ƙarewar data ba uzuri ba ne, kuma takardar ta faɗi hakan ƙarara. Rashin lafiya ko rasuwa uzuri ne, da sharaɗin a sanar kafin wa'adi ya wuce in da hali, a haɗa da takardar likita. Saƙon kuma ta adireshin imel ɗin makaranta za a aika shi. Malama ba za ta tattauna makinka ta imel ɗinka na kanka ko WhatsApp ba, saboda dokar FERPA ta 1974 da ke kare bayanan ɗalibi. Wannan dokar ce ta sa ko mijinki ko mahaifinki ne ya biya kuɗin, ba zai iya rubuta wa malama yana tambayar sakamakonki a amsa masa kai tsaye ba.

Rabon maki shi ma ya saɓa da abin da muka sani. Jimla maki 1000 ne. Tattaunawar mako-mako guda 12 ta ɗauki 240, ƙananan jarrabawa 160, jarrabawar tsakiyar zango 150, ta ƙarshe 200, takardar bincike 200, ragowar 50 na ayyukan makon farko da gabatar da batun bincike. A jami'o'inmu 70 cikin 100 shi ne A, kuma jarrabawar ƙarshe ce ke ɗauke da mafi yawan maki. A can A daga 90 yake farawa, 80 B ne, 70 kuwa C. Jarrabawar ƙarshe kashi ɗaya cikin biyar ce kacal. Ma'ana, wanda ya yi sakaci da ƙananan ayyuka yana jiran ya yi karatun dare ana gobe jarrabawa, ko ya cinye makin jarrabawar duka ba zai farfaɗo ba. Kuma in kana son wata makaranta ta amince da kwas ɗin daga baya, yawanci C ne mafi ƙarancin abin da take karɓa. Kwas mai nauyin kiredit 3 ana ƙiyasta masa kimanin awa 9 a mako, kuma na same shi haka, wani makon har ya zarce.

Tattaunawar mako ita ce zuciyar kwas ɗin. Malama kan saka tambaya ranar Litinin. Ka rubuta amsarka ta farko, kalma 250 zuwa 300, kafin daren Alhamis, sannan ka mayar wa mutum biyu martani, kowane aƙalla kalma 100, kafin daren Lahadi. An saita shafin yadda ba za ka ga abin da wasu suka rubuta ba sai ka saka naka. Wannan aikin kaɗai ne ba a karɓar sa a makare ko da ragi, domin in mako ya wuce babu wanda zai karanta. "Na yarda da kai, ka yi bayani mai kyau" ba ya samun ko maki ɗaya. Dole martani ya ƙara hujja, ko ya kawo tambaya, ko ya nuna inda maganar ta yi rauni.

A nan ne ɗalibi daga gida yake da abin da abokan karatunsa ba su da shi, in ya san yadda zai kawo shi. Da aka zo makon haihuwa da lafiyar mata, yawancin ajin ba su taɓa jin yoyon fitsari ba, alhali a nan Jos akwai cibiyar gyaransa a asibitin Jankwano, wadda mata ke zuwa daga jihohi da dama. Bayanin yadda doguwar naƙuda ke sa kan jariri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, da abin da ke biyo baya na ƙyama da saki da ƙuncin rai, duk ilimin halayya ne tsantsa. Sai dai ba a karɓar "kowa ya sani a garinmu". Sai ka nemo binciken da aka wallafa ka jingina maganarka da shi.

Batun addini da al'ada shi ne mutane suka fi tsoro, don haka bari in tsaya a kansa. Takardar ƙa'idojin ta ce ba a auna ɗalibi da abin da ya yi imani da shi, ana auna shi da ko ya fahimci abin da bincike ya nuna, da ko zai iya bayyana shi daidai. Na ga an bi wannan ƙa'ida. Idan tambaya ta ce a wace shekara ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan tabin hankali, amsar 1973 ce, kuma rubuta ta ba shaida ba ce ta cewa ka sauya aƙida. A cikin tattaunawa kana da damar cewa ga matsayin addinina, ga kuma dokar da Najeriya ta kafa a 2014 kan auren jinsi, matuƙar ka rarrabe a fili tsakanin abin da ka yi imani da shi da abin da aka auna aka gano. Abin da ba a yafewa shi ne zagi, ko laƙabin wulaƙanci, ko yi wa abokin karatu wa'azin da bai nema ba. Karon farko a goge rubutun a ba ka sifiri, karo na biyu a miƙa ka ofishin ladabtarwa. A ganina wannan horo ne mai amfani ga duk mai zama da mutane a ɗakin shawara. A Jos, wanda zai zauna gabanka gobe yana iya zama Musulmi ko Kirista, ɗan Anguwar Rogo ko ɗan Bukuru, kuma ba zai buɗe baki ba in ya ga hukunci a fuskarka tun bai gama magana ba.

Abin da ake karantawa kuwa ya fi abin da sunan ke nunawa faɗi. Mun fara da hanyoyin bincike: rahotannin Alfred Kinsey na 1948 da 1953, da dalilin da ya sa ake sukar alƙalumansa, domin waɗanda ya yi hira da su masu sa kai ne, ba samfurin da ke wakiltar al'umma ba. Sai aikin William Masters da Virginia Johnson na 1966, da matakai huɗu da suka ce jiki ke bi: motsuwa, ɗorewa, kaiwa ƙololuwa, da lafawa. Helen Singer Kaplan ta zo a 1979 ta sa sha'awa a matsayin mataki na farko mai zaman kansa. Wanda ya fi yi mini amfani a wurin aiki shi ne bayanin Rosemary Basson na shekarar 2000, cewa mata da yawa, musamman a auren da ya daɗe, sha'awa ba ta riga kusanci zuwa, kusanci da kwanciyar hankali ne ke jawo ta. Mata nawa ne ke kashe kuɗi a kayan mata suna zaton suna da ciwo, alhali abin da suke bayyanawa yanayi ne sananne? Akwai kuma nazarin Robert Sternberg na 1986 da ya kasa soyayya gida uku, shaƙuwa da shauƙi da alkawari, sai balaga, tazarar haihuwa, ciwon sanyi, tunjere, ƙanjamau, tsufa, da yardar juna.

Yanzu ga ƙa'idar da na fi so kowa ya karanta sau biyu. An hana ka ba da labarin rayuwarka ta jima'i a cikin tattaunawa, an kuma hana ka ba da na wani ta yadda za a gane shi. Mu da ke aiki a asibiti ko makaranta, hannu na saurin kaiwa ga misalin wata da ta zo jiya. Cire suna bai wadatar ba. In ka ambaci unguwa, da shekaru, da yawan 'ya'ya, da sana'ar miji, ka riga ka nuna ta da yatsa, kuma rubutun intanet ba ya mutuwa. Haka nan an hana ɗaukar hoton rubutun abokin karatu a tura wa wani a waje, ko da don a yi mamaki ne.

Ɗaya gefen ƙa'idar ya shafi malama ita kanta. Ƙarƙashin dokar Amurka ta 1972 da ake kira Title IX, kwalejoji da yawa sun wajabta wa malamansu kai rahoto ga wani jami'i na musamman idan ɗalibi ya bayyana musu cewa an yi masa fyaɗe ko cin zarafi. Takardarmu ta faɗi haka tun shafi na biyu: duk abin da ka rubuta mata na wannan nau'in, ba za ta iya riƙe shi ita kaɗai ba. Wadda ke ɗauke da irin wannan ciwo, kuma darasin ya fama mata shi, ta nemi sashen ba da shawara na makarantar, waɗanda su aka yarda su riƙe sirri, ko ta nemi amintaccen mai shawara a nan gida. Kuma tana da damar rubuta wa malama tun kafin makon ya zo, ba tare da ba da dalili dalla-dalla ba, ta nemi wani aikin a madadin tattaunawar. An tanadi hakan, sai dai sai an nema.

Takardar bincike shafi 6 zuwa 8 ce, da majiya aƙalla 5 daga mujallun da masana ke tantancewa, a tsarin APA bugu na 7. Tsarin yana nufin sunan marubuci da shekara a cikin jimla, lambar shafi in ka ɗauko kalmominsa kai tsaye, tazara biyu tsakanin layuka, inci ɗaya a kowane gefe. A mako na 6 ake miƙa batun don amincewa. Kuskuren da ya fi kama irinmu shi ne niyya mai kyau: ka ce bari in yi hira da mata 20 a asibitinmu in rubuta. Ba a yarda ba. Duk binciken da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma kwas ɗin ya koya mana dalili ta hanyar binciken tunjere na Tuskegee a Amurka, daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar baƙaƙen fata maza da cutar ba magani don a ga yadda take ci, har bayan an san fenisilin na warkar da ita. Abin da ake so shi ne ka tattara abin da aka riga aka wallafa ka auna shi. Ga mai son batun gida, rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya, NDHS, kyauta ne a intanet, na 2013 da na 2018 duk suna da babi kan aure, tazarar haihuwa da kaciyar mata. PubMed da AJOL suna da mujallu masu yawa, kuma katin ɗalibinka yana buɗe maka PsycINFO, rumbun binciken ilimin halayya, ta ɗakin karatun kwalejin. In ka kawo doka, kawo ta daidai: dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, ta haramta kaciyar mata, amma ta tarayya ce, Abuja ta shafa kai tsaye, kowace jiha sai ta amince da tata.

Takardar tana bi ta Turnitin, wanda ke nuna kashi nawa na rubutunka ya yi kama da na wasu. Lambar ba ita ce hukunci ba, domin jerin majiya ma yana ƙara ta. Malama tana duba inda kamannin yake. Abin da ke jawo sifiri shi ne ɗauko jimlar wani ka sauya kalma biyu, ko miƙa aikin da ka taɓa miƙawa a wani kwas, ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka. Wannan na ƙarshe yana tona kansa ta hanyar majiyoyin da babu su, kuma malama tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Fayil kuma ya zama Word ko PDF. Hoton rubutun hannu ba ya shiga.

Manyan jarrabawa biyun ana yin su ne ƙarƙashin Respondus, manhajar da ke kulle kwamfuta ta hana buɗe komai, kyamara kuma na ɗaukar ka. Ba ta aiki a wayar hannu, don haka wanda ke karatu da waya ya nemi laftof tun da wuri, ya saka manhajar, ya yi jarrabawar gwaji da ake bayarwa. An buɗe mana kwana uku, ka zaɓi lokacin da ka ga dama, amma da ka fara, minti 75 ne ga tambaya 50, shiga ɗaya tak. Kafin farawa za ka nuna katin shaida mai hoto, fasfo ko katin ɗan ƙasa, ka juya kyamara ta ga ɗakin da teburin. Manhajar tana sa alama duk inda fuska ta ɓace, ko wata fuskar ta bayyana, ko haske ya sauya. Wato in an ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, alama ce. In yaro ya leƙo yana kiran Mama, alama ce. Alamar ba ita ce laifi ba, malama ce za ta kalli bidiyon ta yanke hukunci, amma gara a rage su. Na yi tawa da hantsi kusa da taga, batir cike, wayoyi biyu masu layi daban-daban a ajiye nesa da tebur ɗaya na ba kwamfutar intanet, an kuma gaya wa mutanen gida kada a ƙwanƙwasa. Hijabi ba matsala ba ne tunda fuska na waje. Mai sa niƙabi ta rubuta wa malama tun makon farko a daidaita yadda za a tantance ta. In intanet ta yanke ana tsaka, agogon jarrabawar ba ya tsayawa. Ka koma da sauri ka ci gaba, bayan ka gama ka aika saƙo nan take da bayanin lokacin da abin ya faru, ka kuma buɗe ƙorafi a sashen taimakon fasaha don ka samu lambar shaida.

Wanda rayuwa ta sha gabansa a tsakiyar zango yana da ƙofa biyu. Janyewa a hukumance kafin ranar da kalandar makaranta ta sa, sai a rubuta masa W, wanda ba ya taɓa matsakaicin makinsa, amma kuɗi ba ya dawowa. Ko neman I, wato bai kammala ba, wanda ake ba wanda ya riga ya yi mafi yawan aikin kuma yana kan hanyar ci, da wa'adin kammalawa. Daina shiga kawai ba janyewa ba ne, F yake haifarwa.

Sakamako ya fito kimanin mako ɗaya bayan jarrabawar ƙarshe. Kafin a rufe shafin kwas, ka sauke takardar ƙa'idojin, da takardar bincikenka mai gyaran malama, da jadawalin makinka. Duk makarantar da za ka nemi ta amince da kwas ɗin, a nan ko a waje, silabus ɗin za ta nema tare da takardar sakamako ta hukuma, wadda ake nema daban a ofishin rajistara a biya mata ɗan kuɗi. Kwas ɗaya ba lasisin duba marasa lafiya ba ne, takardar tana nuna kiredit 3 ne da harafin da ka samu.